Tsiren Masara na Ranar Laraba

Kwanakin baya autata ta shigo mini da wani kwali mai sanyi daga babban kanti, ta ajiye a kan tebur tana dariya, ta ce, "Inna, dubi abinki, yanzu har a kanti ake saida shi. Halal ne ma, ga tambari." Na juya kwalin na ga hoton: sosis, dogon curin niƙaƙƙen nama, a jikin tsinke, an lulluɓe shi da ƙullun masara an soya, guda shida a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ta zuba su cikin wata tukunyar lantarki da ba ta shan mai, ta danna maɓalli, ta koma kan salularta. Babu ƙarar mai, babu hayaƙi, babu wanda ya leƙo daga ɗaki yana tambaya ko ya yi. Da abin ya nuna ta miƙo mini ɗaya, na gutsura don kada in gwale ta, na ce da daɗi. Tun daga ranar nake kwana nake tashi da abin da na daɗe ina dannewa, shi ya sa na ce bari in faɗe shi, ko da yake ban sa rai faɗin zai gyara komai ba.

A lokacin da nake da ƙarfina, muna zaune a hawa na tara cikin ɗaya daga dogayen benayen Minguettes, a Vénissieux, gefen birnin Lyon na Faransa. Yanzu an rushe shi an shuka ciyawa, karnuka ke yawo inda kicin ɗina yake a sama. Ranar Laraba yara ba sa zuwa lekol, wato makaranta, don haka ginin gaba ɗaya yakan tashi da hayaniya tun da hantsi: asansar, akwatin da ke kai mutane saman bene, yana gurnani yana hawa yana sauka, yara na tsere a matakala, rediyon Larabawan ƙasanmu na tashi, ƙamshin girkin ƙasashe goma na haɗuwa a farfajiya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya, kafin gari ya waye ya fita, sai yamma lis. Ni da 'ya'yana biyu muke wuni, mata duka. Babbar a Maradi na haife ta, da ita a hannu na zo ƙasar nan tana shekara huɗu. Ƙaramar nan aka haife ta. Yanzu idan na zauna ranar Laraba sai in ji har ƙarar firijina, ga shiru kamar an yi mutuwa a unguwar, kowa yana gida amma kowa ya sunkuya kan abin hannunsa.

Ba zan faɗi sunan babbar a nan ba, kuma wannan shi ne duk labarin. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta rungume shi tana sumbata. Kunya ce, kuma mu ado muka ɗauke ta. Ni kaina 'yar fari ce, har innata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" take ce mini, ko "waccan". Kuma ban taɓa kwana da shakkar tana sona ba, saboda a gidanmu akwai kakata da ke goya ni har ƙafafuna suna jan ƙasa, akwai gwaggo da ke ɓoye mini ƙanzo, akwai matan gida da in innata ta kau da kai sai su ƙyafta mini ido su ce, "Kin ga dai yadda take ji da ke." Ranar da za mu taso, innata ta ja ni gefe ta ce, "Kada ki tahi ƙasar mutane ki zubar muna da mutunci, a ji kina ƙwala ma ɗiyar fari kira kamar marar mafaɗi." Na riƙe maganar nan da hannu biyu, har ina alfahari da ita. Abin da ban lura ba shi ne, kunyar kaɗai na ɗauko a cikin akwatina. Kakar da gwaggon da matan gidan duk na baro su a can. A hawa na tara babu mai ƙyafta wa yarinya ido.

Tana da shekara tara abin ya faro. Wata Laraba ina guga a falo, su biyu suna kwance a ƙasa suna kallon wani fim na Amurkawa a tele, aka nuno yara a wurin wasa kowanne riƙe da wannan abu a tsinke. Sai na ji babbar ta ce wa ƙanwarta a hankali, ba da ni take ba, ai da za ta samu ko sau ɗaya ne ta ɗanɗana, amma ta san na alade ne, mu ba ma ci. Yarinya ce da ba ta roƙo. Ƙaramar kan yi birgima a tsakiyar kanti saboda alewa, ita kuwa ko takalminta ya matse ta sai dai in gani a tafiyarta. Ban ɗaga kai daga gugar ba, amma na ƙare wa abin kallo ta wutsiyar ido. Washegari da na kai su lekol na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka Guillotière, inda shagunan 'yan Afirka suke, na sayo garin masara da tsinkayen tsire, na biya wajen mahaucinmu Balarabe na karɓi sosis na naman shanu.

Na ɗauka wasa ne, wai ni da na tashi a gaban kaskon masa. Sai da abin nan ya wulaƙanta ni sau uku. Ina yi ne a ɓoye lokacin da suke lekol, in tsoma sosis cikin ƙullu, in saka a mai, ƙullun ya zame ya bar shi tsirara yana iyo, in kwashe tarkacen in ci a tsaye ina tsaki. Maƙwabciyata ce ta cece ni, wata Hajiya mutuniyar Garwa ta Kamaru, babbar mace mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba, wadda muke Hausa da ita a bakin ƙofa. Ta leƙo ta ga ɓarnar da nake yi ta ce, "Kai, 'yar Maradi, abu jiƙe yaya zai riƙe riga? Share shi ya bushe, ki birkiɗa shi a garin alkama, sannan." Haka aka yi. Na gano ƙullun yana son kauri fiye da na masa, da ƙwai ɗaya da madara da ɗan sukari da gishiri, na ƙara masa yajin da ba na jin Amurkawa sun san da shi. Na gano a dogon kofin gilashi ake zuba ƙullun, a nutsa tsinken a tsaye, a zaro ana murza shi tsakanin yatsu kamar mai kaɗi da mazari, a kwantar cikin mai ba tare da an daina murzawa ba. In ya yi sai ya kumbura ya yi ja kamar zuma. Na sa masa suna tsiren masara, sunan kuwa ya bi shi har gidajen maƙwabta.

Larabar da na fara fito da shi fili, Hajiya tana zaune a kicin ɗina kan kujerar roba, da wasu mata biyu 'yan Chadi da suka zo gaisuwa. Na buɗe taga saboda hayaƙi, mai yana ta ƙara, ƙaramar tana tsalle tana riƙe mini zane. Sai babbar ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa. Har yau ina ganin fuskarta. Ta dubi tiren, ta dube ni, ta gane sarai daga ina abin ya fito. Ta matso ta ɗauki ɗaya da zafinsa, ba ta kai baki ba, ta ce da wata murya da ban taɓa ji tana yi mini ba, "Inna, c'est pour moi? Don ni kika yi?"

Matan nan uku suka zuba mini ido, da murmushi a bakinsu, suna jira su ga ko zaman Faransa ya lalata ni. Na ji zafi ya hau mini fuska. Na juya ga kasko na ce, "Don ke? Wa ya aike ki? Don ƙanwarki na yi. Ke dai ci albarkacinta."

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Yauwa, ɗiyar mutanen kirki! Haka muka taras ana yi." Aka yi dariya, ni ma na yi, har da jin daɗin an yabe ni. A gida wannan amsa ita ce daidai, kowace yarinya za ta gane cewa "a'a" ɗin nan "i" ce, in ma ba ta gane ba kafin magariba wata ta raɗa mata. Da na waiwayo sai na ga tsinken a ajiye a gefen tire, ko cizo babu, ƙofar ɗaki kuma a rufe. Na ce a raina fushin yara ne, yunwa za ta fito da ita.

Daga ranar ba ta ƙara zama a tebur ranar tsiren masara ba. Takan ce mai yana tayar mata da zuciya, ko tana da karatu. Ni kuma ban fasa ba, kusan kowace Laraba sai na yi, shekara da shekaru, har 'ya'yan maƙwabta suka san ranar suna zuwa su yi layi. Sai na ɓullo da wata dabara da na ɗauka ta masu hikima ce. A cikin kowace suya nakan zaɓi wanda ya fi kyau, wanda bai fashe ba bai ƙone ba, in sa a ƙaramin faranti, in kifa wani a kai, in ɗora a saman firiji. Ban ce wa kowa na wane ne ba, yaya zan ce? Ranar Alhamis da safe in tarar da farantin a wanke a kife. Wannan wankakken faranti ya ciyar da ni farin ciki na shekaru. Nakan ɗauke shi in goge ina murmushi ni kaɗai, in ce ja'ira, a gabana tana shan ƙamshi, a bayana tana lashe yatsu, ashe dai mun fahimci juna.

Tana gama lise, wato sakandare, ta nemi karatu a Paris, ba ta ko duba na Lyon ba. Babanta ne ya raka ta tasha, ni na tsaya a taga, don uwa ba ta rakiyar ɗan fari tana hawaye a titi. Da farko tana zuwa duk hutu, daga baya sai sallah, daga baya sai waya, kuma wayar da babanta ake yi, ni a miƙo mini a ƙarshe mu yi "lafiya lau, lafiya lau". Ta yi aiki, ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Da babanta ya rasu ta zo ta yi kwana uku, ta yi duk abin da ya kamata, ta koma. Bayan nan wayar ma ta ɗauke. Auta ce ta gaya mini, tana sosa kai, cewa yayarta ta ce mai kiranta Lyon ya tafi, ba ta ga abin da za ta zo yi ba. A ranar na san cewa in ban tashi ba, 'yata ta fita hannuna ke nan.

Na tashi da asuba na kwaɓa ƙullu, na soya guda goma sha biyu, na naɗe su cikin takarda na jera a kula, na ɗauki jirgin ƙasa na safe. Awa biyu ina rungume da kular a cinya, ƙamshin mai ya cika taragon, wani Bature a gefena yana ta jan hanci yana hararata, ban kula shi ba. Gidanta yana hawa na biyar ba asansar, sai da na huta sau uku a matakala. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Inna, sannu da hanya," ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta tambaye ni gwiwata. Ladabi babu abin da ya rage, irin ladabin da ake yi wa baƙuwar da aka san ba za ta kwana ba. Jikata tana da shekara biyar, 'yar fari ita ma, kuma kafin in gama shan ruwa uwar ta kira sunanta ya fi sau goma, ta ɗaga ta, ta sumbace ta a wuya, tana ce mata ma chérie, masoyiyata. Tsikar jikina ta tashi don kunya, na kau da kai. Ta gan ni, kuma ina jin da gayya ta ƙara.

Na buɗe kular a kan teburin kicin. Sun yi sanyi sun yi laushi, amma ƙamshin yana nan. Yarinyar ta miƙo hannu, na ba ta ɗaya, na tura sauran gaban uwarta na ce, ina kallon bango, "Ga shi nan. Na san ana so."

Ta ce, "Wa ke so?"

Na ce, "Haba, ke kuma. Duk shekarun nan wa ke cinye na saman firiji?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce, "Wane na saman firiji?" Na gaya mata: farantin, wanda ake kifewa, wanda nake tararwa a wanke. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce, "Na Baba ne ai. Duk Alhamis da asuba yake naɗe shi ya tahi da shi wajen aiki, ya wanke farantin don kada ya bar miki aiki. Har cewa yake innarku ba ta mance shi. Ni ban taɓa sa abin nan a bakina ba, Inna. Jamais. Ko sau ɗaya."

Na ja kujera na zauna. Mutumin nan mun yi shekaru a ɗaki ɗaya, bai taɓa ce mini ya gode ba, ni ban taɓa tambayarsa ba, shi ma da tasa kunyar. Duk gidan muna ta kawaici, kowa yana zaton an gane shi. Na ce, "Naki ne. Tun na farko naki ne. Ke kika ce kina so, kina kwance gaban tele, ina guga. Sau uku ina ɓata gari kafin in iya."

Ta ce, "Kin ce don ƙanwata kika yi."

Na ce, "Da mutane a wurin. Haka ake cewa a wurinmu. Ke ɗiyar fari ce."

Ta ce, "Na sani. Na girma na tambaya, an yi mini bayani, la honte, kunya, al'ada, duk na ji. Amma lokacin shekarata tara, Inna. A lekol kowace uwa tana tsayawa bakin ƙofa tana kiran ɗanta da suna. Ke sai ki kira ƙanwata, ni ki ɗaga mini hannu kamar mai tsaida taksi. Na yi zaton wani laifi na yi miki tun a Maradi wanda na manta." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sa yarinyar ta tafi ɗaki da tsinkenta, ta rufe ƙofa, ta dawo ta tsaya a gabana. Ta ce, "To yanzu ba kowa. Ba Hajiya, ba Baba, ba mutanen Maradi. Kira ni. Sau ɗaya kawai, da sunana."

Allah ya sani na buɗe baki. Sunan yana nan, ni na raya shi a zuciya tun tana ciki, sunan kakata ne da ta goya ni. Na ji shi ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Shekara talatin da wani abu harshena bai taɓa bi ta kansa ba, sai na ji kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa. Ina jin agogon kicin ɗin yana tafiya, ina jin motoci a ƙasa, ita kuma tana tsaye tana jira, ta jira fiye da yadda na cancanta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke ma ai kin sani."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To." Ta rufe kular, ta tambaye ni ƙarfe nawa jirgina. Ta raka ni har tasha, ta riƙe mini jaka, ta nemo mini kujerata, ta ce in gaida auta. Kular ta dawo Lyon da guda goma sha ɗaya a ciki.

Na yi fushi da ita a hanya, ba zan ɓoye ba. Na ce yarinyar nan ta zama Baturiya, tana son uwarta ta zama ƙawarta. Na yi fushi da marigayi, na yi fushi da Hajiya wadda ta daɗe da komawa Garwa, har innata a kabari sai da na yi wa ƙorafi. Fushin bai kai mako ba ya ƙare, ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo, wato ni ce babba, ni ce na ga inda muke zaune, kuma tsoron dariyar mata uku ya sa na ture hannun 'yata. Daga nan na fara koyo, tsohuwa da ni. In na idar da sallar walaha sai in zauna kan darduma in faɗi sunan a hankali, farko a raɗa, ina waiwaye ko bango zai ji, daga baya a fili. Na yi watanni ina wannan aiki kafin ya daina maƙale mini.

Wata rana da hantsi na ɗauki salula na kira ta. Ba ta ɗauka ba, na san ba za ta ɗauka ba, sai muryar da ke cewa a bar saƙo. Da aka yi ƙarar nan na rufe ido na kira sunanta, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na sake, na kuma sakewa, sau uku. Ban ƙara komai ba, don ba ni da abin ƙarawa. Na kashe wayar, na ɗora ta a kan tebur inda zan ji in ta yi ƙara. Ranar ko wanka da ita na shiga. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako ya zagayo.

Auta ce ta zo ranar Lahadi. Ta daɗe tana kame-kame, tana gyara labule, tana tambayata ko na sha magani, har na ce mata ta faɗi abin da ke bakinta. Ta zauna a hannun kujera, ba ta dube ni ba, ta ce, "Mun yi waya da yaya. Ta ji saƙonki."

Na ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce a ce miki ta gode."